Audugar Jirgin Bappa

Ni ne na ruɓar da jirgin. Na fara da wannan ne don kada mai karatu ya gaji kafin ya iso ga gaskiyar. Bappa, yayan mahaifina, wanda muka binne kwanan nan, bai taɓa sa ɗanyen katako a aikinsa ba. Ni na gaya wa gari cewa ya sa, kuma na san ƙarya nake yi lokacin da nake faɗa.

Ranar da ya rasu layinmu na Tudun Wada ya cika har bakin kwata. An shimfiɗa tabarmi, masu shaguna sun jawo ƙofofinsu, direbobin tasha ma sun zo. Makarar da aka ɗauke shi a kai shi ya yi wa masallacin unguwa ita tun ina yaro, kuma duk shekara shi yake ɗaure ta ba tare da an ce masa ya yi ba. Da muka dawo daga maƙabarta Liman ya dafa ta ya ce, "Kun ji ko ƙara ba ta yi ba. Ta san mai ita."

Sai aka zauna, hira ta fara zagayawa kamar yadda take yi a zaman makoki. Maƙwabcinmu, tsohon tela wanda katanga ɗaya ta raba gidansa da na Bappa, ya gyara zama ya ce, "Allah ya ji ƙan Mai Jirgi. Mutum ne na gaske, sai dai taurin kai. Gari babu kogi, shi ya ce sai jirgi."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake rufewa da tari. Wani saurayi da bai san zancen ba ya tambayi wane jirgi. Wani direba ya juya ya ba shi labari a taƙaice: tsohon ya ƙera jirgin ruwa a tsakar gida, ya yi amfani da ɗanyen maɗaci, jirgi ya ruɓe, kunya ta sa ya bi shi da gatari a gaban 'yan kasuwa.

Hamma, babban ɗan Bappa, ya sunkuyar da kai yana tsinkar bakin tabarma. Ni ina kusa da shi, ina miƙa goro, ina amsa "amin" ga masu shigowa. Kalmomin da direban ya yi amfani da su nawa ne. A teburin mai shayi na fara furta su, ga shi sun dawo mini a bakin wani, a ƙofar gidan mutumin, ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba.

Bappa kafinta ne. Gajere, mai faɗin tafin hannu, kullum da fensir a bayan kunne da basilla a soke cikin hula. Ba ya auna katako da ido kawai: sai ya shafa shi, ya ƙwanƙwasa, ya kai hanci. In mai aiki ya matsa masa da gaggawa sai ya ajiye zarto ya ce, "Ƙofar taka za ta riga ka tsufa ne? To bari in yi ta yadda ba za ta riga ka ba." Ba shi da sauƙi. Yakan mayar wa mutum aikinsa saboda kalma ɗaya. Inna, matarsa, takan ce in Bappa ya yi fushi ba ya faɗa, sai dai ka ji gudumarsa ta canza murya.

Mahaifina a ruwa ya mutu, shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai. Yana dawowa daga cin kasuwa a hayin kogin Gongola, kwale-kwalen fito ya kife, ya tafi ƙasa da duk abin da ke cikinsa. Bappa ya je ya ɗauko gawar, ya ɗauko ni da mahaifiyata ya kawo mu gidansa. Tun daga ranar bai kira ni da sunana ba. Magaji yake ce mini, wato magajin ƙanensa. In an kawo tsire, nawa yake fara cirewa kafin na Hamma, Hamma kuwa bai taɓa nuna ya ji haushi ba.

A samartakarsa Bappa ya yi aiki a Numan, wurin masu gyaran jiragen kogin Binuwai. A can ya ga wani ɗan jirgi da aka yi wa akwati rufaffe a goshi da wani a gindi, babu komai a ciki sai iska. Ko ya kife ba ya nutsewa, mutane su kama gefensa har a zo. Wannan abu bai fita daga kansa ba. In ya tuna mahaifina ba ya kuka, sai ya ce, "Da da akwati."

Lokacin da kuɗin man fetur suka fara shigowa, kowane kafinta a Gombe ya koma yin ƙofofi da tagogi na sababbin gidaje, da bencin makarantu. Bappa ma ya samu rabonsa. Amma abin da ya fara yi da sauƙin da ya samu shi ne sayen falankan maɗaci. Ya jera su a ƙarƙashin rumfa, ya sa ƙananan sanduna tsakaninsu don iska ta ratsa, ya bar su suka ga rani suka ga damina suka sake ganin rani. Kaji suka yi ta ƙwai a ƙarƙashinsu. Sai da ya ƙwanƙwasa ya ji sautin da yake so sannan ya taɓa su da zarto.

Unguwa ta samu abin kallo. Mata na shigowa da sunan aron turmi, su tsaya suna duban haƙarƙarin jirgi a tsakar gida. Maƙwabci kan leƙo ta kan katanga ya ce, "Malam kafinta, yaushe za a yi ruwan da zai ɗaga shi? In shirya kayana."

Bappa ya ce, "Kai ba za a ɗauke ka ba. Surutu nauyi gare shi."

Da aka gama, jirgi ya ƙi fita ta zaure. Bappa ya san haka tun farko, bai dai gaya wa kowa ba. Hanya ɗaya ce: a fasa katangar da ke tsakaninsa da maƙwabci, a bi ta filin bayan gidansa. Suka yi rigimar da sai da mai unguwa ya zo. Maƙwabci ya rantse ko bulo ɗaya ba za a taɓa ba, Bappa ya ce ai katangar ta ƙasa ce, babu bulo a ciki balle a taɓa. A ƙarshe aka fasa, Bappa ya sake gina ta da hannunsa fiye da yadda take, ya ƙara wa maƙwabci da sabon teburin keken ɗinki. Shekara guda ba su gaisa ba, amma teburin yana nan har yau.

Ni a lokacin na haura ashirin, na gwada ɗinki na bari, na gwada shago na bari, ga sabuwar amarya. Ana gobe za a ɗora jirgi a mota Bappa ya kira ni da hantsi ya ce, "Magaji, naka ne. A mashigin da ubanka ya tafi za ka yi fito. Amma zo ka ga abin da za ka riƙe."

A saman kowane akwati ya huda ramuka biyu, faɗin kowanne ya isa hannu ya shiga, ya sassaƙa musu matosai na itace masu shiga daram. A ƙarƙashin kowane matoshi ya ɗaura zare, a bakin zaren ɗan curin auduga yana lilo a cikin duhun akwatin.

Na ce, "Bappa, ai na ɗauka so ake kada komai ya shiga. Ga shi ka huda."

Ya aika aka ɗauko murfin tukunyar Inna daga murhu, ya juya mini cikinsa. Ruwa ne ɗigo-ɗigo yana gangarowa. Ya ce, "Wa ya zuba wannan?"

"Babu kowa."

"To haka akwatin nan yake. Da rana zai yi zafi kamar tanda, in rana ta faɗi ruwan kogi ya sanyaya shi ta ƙasa. Sai ya yi gumi ta ciki. Ba huda ba ce, ba ruwan sama ba ne, gumin kansa ne. In ka bar shi a rufe zai ci katakon daga ciki, waje kuwa yana sheƙi. Kowace safiya ka zare matoshi, ka ɗora audugar a leɓenka. In ka ji sanyi, ka ja jirgi tudu, ka bar ramukan a buɗe iska ta shiga nan ta fita can. Ka sa hanci. In ka ji warin rima, irin na danshi, ranar babu fito. Ka canza auduga, ka mayar da matoshi, sannan ka ɗauki mutum."

Ya sa na yi a gabansa har sai da ya gamsu. Sannan ya ba ni ƙunshin auduga wadda Inna ta gurje ta cire wa gurya.

Watannin farko na yi yadda ya ce. Wani tsohon ɗan fito ya koya mini tuƙi da gora da filafili, na iya. Jirgina ya fi na kowa faɗi, yana ɗaukar keke da buhuna ba ya tangaɗi. Abin da ya dame ni safiya ce. Ga mutane sun taru suna jira, ni kuwa ina durƙushe ina sumbatar auduga ina shinshina rami. 'Yan fito masu jirgin sassaƙa suka samu abin yi. In mata masu tallan nono sun nufo ni sai ɗaya ya ɗaga murya: "Adda, ki dai duba, wancan jirgin huda huɗu gare shi. Mai shi ma kullum sai ya leƙa ko ruwa ya gama shiga." Sai su juya da ƙoransu. Ranar da audugar ta yi sanyi kuwa, in ja jirgi tudu in zauna ina kallon wasu suna kwasar mutanena.

A daminar farko ana shimfiɗa sabon titi kusa da mu, gangunan kwalta a zube a bakin hanya. Na roƙi leburori suka ɗibar mini a gwangwani. Na yi wa kaina lissafi mai kama da hankali: akwati don ya riƙe iska aka yi shi, in na toshe shi gaba ɗaya ai na ƙara masa ƙarfi ne, tsoho ne kawai da son wahala. An kwana ana ruwa, da safe na buga matosan da dutse, na malala musu kwalta, ban ko duba audugar ba. Da ta bushe na shafe jirgin duka da shuɗin fenti mai ƙyalli. Ya yi kyau ƙwarai. Zancen huda ya mutu, mata suka dawo, har aka fara ce masa Shuɗi.

Duk sanda na shigo Gombe, bayan gaisuwa tambayar Bappa ɗaya ce.

"Magaji, ya auduga?"

"A bushe take, Bappa."

"Madalla."

Sai ya ba ni sabon ƙunshi, in karɓa da hannu biyu, in kai gida in jefa a bayan randa. Haka muka yi damina biyu.

Matata ce ta tona ni, ba da nufi ba. Ta zo gidan Bappa goyon ciki, don iyayenta suna nesa, ta kawo wa Inna tsarabar matashin kai da ta ɗinka. Inna ta matsa shi ta ce laushinsa ya yi, ina ta samu auduga haka. Ta ce, "Ai ta Bappa ce da yake ba shi. Ta taru a ɗaki ba a komai da ita, na ce kada ta lalace." Bappa yana bakin rumfa yana wasa kurfin sassaƙarsa. Inna ta ce min daga baya bai ɗago ba, sai dai dutsen washin ya yi shiru.

Washegari ranar kasuwar hayi ce, ƙarshen damina, kogi ya cika ya yi ja. Na gama lodi: mata da ƙore, buhunan masara, akuya, wani malamin makaranta da kekensa, wata mai goyo a zaune daidai kan akwatin goshi. Na ɗaga gora ke nan na hango Bappa yana gangarowa daga inda motar kasuwa take tsayawa, cikin rigarsa ta Juma'a.

Bai gaishe ni ba. Ya shiga ruwa har gwiwa da rigar, ya roƙi mai goyon ta matsa, ya bi fentin da tafin hannu har ya tsaya a kan ƙullutun kwalta. Ya daɗe hannunsa na wurin. Sannan ya dube ni, a gaban kowa, murya ƙasa.

"Magaji, ya auduga?"

Hannunsa yana kan kwaltar. Ya sani, na san ya sani. Na ce, "A bushe take."

Ya zaro basilla daga hula ya dafa ta a gefen akwatin, can ƙasa. Bai ko yi ƙarfi ba, ta shige har gindi kamar a kabewa. Da ya zare, wani baƙin ruwa ya biyo ta, da wari irin na tsohuwar rijiya.

Ya ce, "Jama'a, ku yi haƙuri ku sauka."

Hayaniya ta tashi. Sarkin ruwa ya zo yana tambaya. A mashigin nan dokarsu a fili take: ɗan fiton da ya yi wasa da ran mutane an kore shi ke nan, kuma sai ya ga alƙali. Sarkin ruwa ya ce, "Wa ke da alhakin wannan?" Idonsa a kaina.

Bappa ya ce, "Ni na ƙera shi. Katakona ne."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ce ɗanye ba, bai ce komai ba. Ni na ƙara sauran daga baya.

Bappa ya sa aka ja jirgi tudu, ya ari gatari wurin mai itace. Sara ɗaya murfin akwatin ya rufta. Ciki baƙi ƙirin, fumfuna fara ta yi gashi a kusurwoyi, haƙarƙarin da ke ƙasa ya yi laushi kamar jiƙaƙƙen burodi. Audugar tana nan a bakin zarenta, ta zama wani baƙin ƙullutu. Na ɗauka a nan zai tsaya. Sai ya wuce ga falankan ƙasa, waɗanda ya shekara biyu yana jira su bushe.

Na riƙe hannunsa na ce, "Bappa, ai yana gyaruwa. Kai ka ce nawa ne."

Ya ce, "Naka ne. Mutanen da ke ciki ba naka ba ne. In na bar shi, gobe za ka shafa masa fenti."

Ya fizge hannunsa ya ci gaba. Da ya gama ya tsuguna ya ɓanɓaro matoshi ɗaya da kwaltarsa ya sa a aljihu, ya hau motar da ta kawo shi.

Abin da na ji ranar ba kunya ba ce, in faɗi gaskiya. Ji na yi an ci amanata. Mutumin da ya rene ni, ya ba ni sana'a da bakinsa, ya zo ya farfasa ta a gaban abokan gabata, matata na gab da haihuwa. Cewa ya tsame ni daga hannun alƙali ko a raina bai zo ba. Na dawo Gombe babu komai, na shiga bin manyan motoci har na zama direba. A tasha aka yi ta tambayata abin da ya faru. Na farko na ce katako ne ya ba da matsala. Na biyu na ce ɗanye ne. Kafin wata ya ƙare labarin ya zama cewa tsoho ya yi arahar katako, ya ji asiri zai tonu, ya ruga ya farfasa shaida. Ina faɗa ina jin sanyi a raina.

Gombe ba ta da girma a lokacin. Wani ɗan kasuwa a unguwar Madaki da ya ba Bappa aikin ƙofofin sabon gidansa ya aiko a dakata. Ma'aikatan da ke tarewa a gidajen gwamnati suka koma wurin wasu. Shekarun da yaran da ya koya wa riƙe zarto suke sayen babura, shi ya koma gyaran kujerun tsuguno da ƙafar gado. Hamma, wanda ya fara zama a rumfar, ya gaji da tsokanar abokai ya bar sana'ar ya tafi aikin masinja. Ya taɓa ce mini, "Ni abin da ke ƙona mini rai, me ya sa bai tsaya ya bushe ba? Shi da yake mana wa'azin haƙuri." Na ce masa kowa yana kuskure.

Bappa ya ji duk abin da nake faɗa. Bai ƙaryata ni ba ko sau ɗaya. Amma kada a ɗauka yafewa ya yi. Matoshin nan mai kwalta ya rataye shi a ƙusa a zaure, daidai inda mai shiga zai gani. Baƙi suna zaton wani magani ne. Ya daina ce mini Magaji. Na zama Malam, kamar wanda ya zo karɓar aiki. In na kawo masa shadda da Sallah ya karɓa ya yi godiya irin ta baƙo, in gan ta a jikin wani almajirin rumfa ko a jikin ladan. 'Ya'yana kuwa yana ɗora su a cinya, ya sassaƙa musu motoci masu taya, ya ce da babban, "Kai kamar kakanka sak."

Kuma duk Sallah, in mun durƙusa gaisuwa, gida cike, sai ya dube ni.

"Malam, ya auduga?"

Yara su yi dariya, suna zaton tsufa ne, ko wani barkwanci tsakaninmu. Jirgi ya daɗe da zama itacen girki. Ni kuwa in ce, "A bushe take, Bappa." Shi ya ce, "To." Na riƙe wannan a matsayin wulaƙanci, na ce mutum ne mai riƙo. Mai riƙon ne kuwa. Amma tambaya ce mai amsa, kuma duk shekara yana ba ni damar in ba da ita.

Ciwonsa na ƙarshe bai daɗe ba. Na je bayan la'asar, Inna na bakin gado tana masa fifita, Hamma na tsaye jikin ƙofa. Ya rame har faɗin hannun nan ya tafi. Na gaishe shi, ya daɗe yana dubana kamar yana neman wani a fuskata. Sai ya ce, da ƙyar:

"Magaji."

Rabon da in ji sunan daga bakinsa tun bakin kogi. Na matsa.

"Ya auduga?"

Na buɗe baki da niyyar faɗa, Allah ya sani. Sai na ga Hamma a bakin ƙofa, na tuna rumfar da ya bari, na tuna abin da na ce masa. Na ce, "A bushe take, Bappa."

Ya rufe ido. Ya juya fuskarsa ga bango a hankali, Inna na taimaka masa da kafaɗa. Ya ce, "To, Malam. A gaida gida."

Bai kai Juma'a ba. Allah ya haskaka kabarinsa, ya sa haƙurin da ya yi da ni ya zama nauyi a mizaninsa, ya haɗa shi da ƙanensa inda babu rabuwa.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa addu'a an fara raba waina, wani baƙo daga cikin dangin Inna ya nuna matoshin da ke rataye a zaure ya tambayi mene ne. Direban nan ya gyara murya zai sake ba da labari. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ciro matoshin daga ƙusa, na tsaya a tsakiyar tabarmi, na faɗa musu duka: ramukan, audugar, kwaltar, fentin, da teburin mai shayi. Ban rage komai ba.

Can maƙwabci ya cire hularsa ya dubi cikinta, ya ce, "Falankan nan fa a kan idona suka shekara biyu a rumfa. Kajina ma a ƙarƙashinsu suke ƙwai. Ni da na gani da idona, na bi ina faɗin ɗanye ne." Ya mayar da hular.

Hamma ya tashi ya shige cikin gida. Na bi shi.

Inna na zaune a tabarmar takaba, mata sun kewaye ta. Sun riga sun ji ta kan katanga. Hamma na tsaye a bakin rumfar, ya ba ni baya. Inna ta dubi matoshin a hannuna ta ce, "Tun ranar matashin kai nake jiranka. Shi ya hana ni magana. Ya ce da bakinka yake so."

Na durƙusa a ƙasa, ba a kan tabarma ba, na ajiye matoshin a gabanta. Na ce:

"Inna, audugar ba a bushe take ba. Tun daminar farko ban sake duba ta ba. Ni na toshe, ni na ruɓar, ni na ɗora masa, na ci abincin gidan nan ina kallo aikinsa yana mutuwa. Ya tambaye ni har a kan gadon mutuwa na sake yi masa ƙarya. Hamma, sana'ar ubanka ni na raba ka da ita, kuma na bar ka kana jin kunyar mutumin da bai yi abin kunya ba. Ban ce ku yafe mini yau ba. Shi ba ya jina yanzu. Ku da kuke ji, na yi laifi, ina neman gafararku, kuma in kun ɗaga hannu kuna yi masa addu'a, ku roƙa mini tasa."